Ranar da Na Fassara wa Mma Hukuncin Fuseini

Shekara arba'in ke nan da muka sa Fuseini a ƙasa. Duk wanda ya girma a unguwar Sabonjida ko Nyohini a nan Tamale, in ka ce masa Ticha Fuseini, ba ya tambayar ka ɗan gidan wa. Ni kuwa da nake wannan rubutu dole in gabatar da kaina. Sunana Alasan, ni ne ɗan tagwayensa. Rana ɗaya aka haife mu, na riga shi faɗowa duniya, kuma wannan ce kaɗai tserewar da na taɓa yi masa. Duk shekara in lokacin tunawa da shi ya zo, tsofaffin ɗalibansa kan taru su yi masa addu'a, a gayyace ni, a ba ni kujerar gaba, a yi ta kallon fuskata ana girgiza kai ana cewa, "Allahu akbar, kamar an tsaga kara." Ni ake kallo, amma shi ake gani. Bana na ce bari ni ma in faɗi nawa, tun da sauran numfashi. Kuma in gaya wa mai karatu tun da wuri: ina son ɗan'uwana, ina kuma kishinsa, kuma shekara arba'in ba su rage ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Mahaifinmu Bahaushe ne mai fataucin goro, daga Salaga ya taso ya kafa gida a Sabonjida. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, Badagwamba ce 'yar Nyohini, mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya. A zamanin da mutanen Zango ke gudun karatun boko kamar wuta, Baba ya kai mu duka biyu, ya ce ya gaji da tsayawa gaban Bature yana jiran wani ya faɗa masa abin da aka ce. A aji na fi Fuseini. Wannan ba yabon kai ba ne, malamanmu sun sani. Turanci ya zauna mini a baki, Dagbanci da Hausa da ɗan Tuwi, yaren mutanen Kudu, kuwa tun daga gida da kasuwa. Amma in aka tashi wasa, shi yara ke bi. In muka yi laifi tare, shi zai tsaya ya ce shi ne, a doke shi, Mma ta shafa masa man kaɗe tana kuka, ni da ban sha bulala ba in zauna gefe ba mai ko kallona. Ciki ɗaya, nono ɗaya, amma farin jini ba a raba mana shi daidai ba. Da muka girma ya zama malamin makaranta, ni na zama tafinta a kotu.

Ranar da ƙasar nan ta karɓi 'yancinta, Tamale ta cika ta batse. Makaɗan lunga sun hana kowa jin maganar ɗan'uwansa, sarakuna da lemominsu, maza cikin rigunan saƙi na batakari, mata sun ci ado kamar ranar salla. Ni aka tsayar kusa da babban jami'in da ya zo karanta jawabi, yana faɗa da Turanci ina mayarwa Dagbanci da Hausa, rana na dukan ƙeyata, har muryata ta dushe. Duk abin da mutanen garin nan suka fahimta game da 'yanci a ranar, daga bakina suka ji shi. Amma je ka tambayi duk tsohon da ya halarta me ya tuna. Zai ce maka ya tuna matashin ticha da ya jagoranci yara maci, ya ja igiyar sabuwar tuta, ta sarƙe a tsakiyar sanda, ya tuɓe takalmi ya hau ya warware ta, jama'a suka ɗauki sowa. Da yamma Mma ta yi ta ba maƙwabta labarin hawan sanda. Na ce mata, "Mma, kin ji jawabin kuwa?" Ta ce, "Na ji wani yana ta magana." Wanin nan ni ne.

Ba na so masu karatu na yau su ɗauka Fuseini ɗan adawa ne ko mai raina ƙasa. Ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki tuta da taken ƙasa da muhimmanci kamarsa ba. A makarantar da ya riƙe, can wajen Dungu, lokacin Dungu ƙauye ce ba unguwa ba, da hannunsa yake wanke tutar ya goge ta. In ana rera taken ƙasa a rediyon wani shago, zai sauka daga keke ya ƙame a gefen titi har a gama, masu lodin doya suna yi masa dariya. Yanzu in na je kallon faretin ranar 'yanci, na ga yara suna suma cikin rana suna jiran babban baƙo da bai san darajar lokaci ba, manya kuma suna latsa waya ana tsakiyar take, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin da manyan zai fara, ba da yaran ba.

'Yan shekaru bayan 'yanci iska ta sauya. Jam'iyya mai mulki ta kafa ƙungiyar matasa a makarantu, aka raba wa yara ƙyallen wuya, aka kawo wasu kalmomin mubaya'a da za su riƙa maimaitawa kowace safiya bayan taken ƙasa. A ciki akwai inda ake cewa shugaba ba ya mutuwa. Wanda aka ɗora wa kula da wannan a yankinmu shi ne Isahaku, abokin karatunmu tun muna yara, wanda ya sha cin ƙosan Mma kyauta. Fuseini ya karɓi ƙyallen, ya karɓi macin, ya karɓi waƙoƙin. Da aka zo kan wannan jimla sai ya ce a'a. Ya ce yaran nan da yamma suna zuwa makarantar allo a koya musu cewa kowane rai zai ɗanɗani mutuwa, ba zai tsaya gabansu da safe ya koya musu akasin haka ba. Ya ce shugaban ƙasa ya ɗaga hannu ya yi alkawari, kuma an rubuta a tsarin mulki, cewa ba za a hana kowa 'yancin addininsa da na bakinsa ba. Da wannan alkawari ya dogara, kamar mai jingina da bangon da ya ga an gina a gabansa.

Na same shi a gida yana gyaran kekensa. Na ce masa ya bar yaran su faɗa, shi ya motsa leɓe kawai, Allah ya san zuciya. Na ce ina kotu, ina ganin abin da ba ya gani, akwai sabuwar doka da ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Alasan, kai sana'arka faɗin maganar wani. Ni in na faɗa, tawa ce." Maganar ta yi mini zafi, har yau tana yi. Shawarata daidai ce, kuma da ya bi ta da ya ga jikokinsa. Amma wa ke tara jama'a ya yi addu'ar tunawa da mai shawara daidai?

Isahaku ya kai rahotonsa sama. Da hantsi 'yan sanda suka zo, yara na kan layi. Waɗanda suka gani sun ce ya roƙi 'yan sandan su bari a gama taken ƙasa, suka bari, har ɗayansu ya ƙame tare da shi. Sannan suka sa shi a mota. Makonni suka shuɗe ba mu san inda yake ba, ba mu san ko yana raye ba. Matarsa Sanatu tana da goyo da kuma yaro mai tatata. Mutanen Zango suka haɗa kai suka ɗauko wani matashin lauya daga Kumasi, ya shigar da ƙara da sunan Mma, yana roƙon kotu ta umarci gwamnati ta kawo Fuseini ta faɗi laifinsa, in babu ta sake shi. Kotun da nake aiki. Abokin aikina, tafinta na biyu, ya bi wata shari'a Yendi. Alƙalinmu, wani dattijo Bafante daga Kudu mai sanyin magana wanda kowa ke kira Joji, ya kira ni ofishinsa ya ce in ina so a ɗage zaman har wancan ya dawo. Na ce a'a, ranka ya daɗe, zan yi aikina. Dalilina shi ne in an ɗage, Mma za ta ƙara kwanaki cikin rashin sani. Akwai kuma wani dalili. Na yi zaton Joji zai ba da umarnin a saki Fuseini, kuma na so a ce daga bakina Mma ta ji albishir. Sau ɗaya dai a rayuwa in zama ni ne na kawo mata abin farin ciki.

Kotu ta cika har tagogi. Lauyanmu ya yi magana mai ratsa jiki. Ya karanto alkawarin nan na tsarin mulki, ya ce in mutum ba shi da ikon rufe bakinsa kan abin da imaninsa ya hana shi, to me aka karɓo daga hannun Bature? Lauyan gwamnati bai ko yi gumi ba. Ya ce manyan alƙalai na Ankara, kamar yadda muke kiran babban birnin ƙasar nan, sun riga sun yanke cewa wannan alkawari ba doka ba ce da kotu za ta tilasta, alkawari ne tsakanin shugaba da jama'a, wanda bai gamsu ba ya jira ranar zaɓe. Joji ya daɗe yana kallon takardun gabansa. Sannan ya yi abin da ba a tsammani. Ya ce wa lauyan gwamnati ba zai rufe zaman ba sai an faɗa a bainar jama'a ko mutumin nan yana raye da kuma inda ake tsare da shi, domin ko doka ta hana shi tambayar dalili, ba ta hana shi tambayar wannan ba. Aka yi ta kai-kawo, daga ƙarshe aka amsa cewa yana raye, yana wani kurkuku a Kudu. Bayan haka Joji ya karanta hukuncinsa: majalisa ta yi doka, kotun da ke sama da shi ta fassara ta, ba shi da hurumin sakin Fuseini ko tambayar me ya sa aka kama shi.

Sai ya juyo gare ni ya ɗaga kai, alamar in fassara. Mma tana tsaye ta riƙe katakon gabanta da hannu biyu. Na faɗa mata da Dagbanci, kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba, yadda na yi rantsuwa zan riƙa yi. Ta dube ni. Sai ta bar Dagbanci ta koma Hausarta ta kasuwa, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, don mutanen Zango da suka cika benci su ji.

"Kotu ya ce ba shi da ƙarfi?"

Na ce, "Haka aka ce, Mma."

"To wane ne yana da ƙarfi?"

Na mayar wa Joji tambayar da Turanci. Ya cire tabarau ya ce in gaya mata wannan tambaya ba shi da amsarta a wannan ɗaki. Na gaya mata. Ta ce, "Alasan, kai ne kana faɗa mini wannan?" Na ce ba ni ba ne, kotu ce. Ta ce, "Bakinka na ji." Ta gyara mayafi ta fita, jama'a suka dare mata hanya.

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba wanda ya tsinci Joji a kasuwa, lauyan gwamnati ya koma Kudu, Isahaku kuwa tsoronsa ake ji. Ni ne ke bin layin Sabonjida safe da yamma da fuskar Fuseini a wuyana. Sau da yawa tsohuwa kan hango ni daga nesa ta saki abin da ke hannunta ta taho da gudu tana hamdala, in ta matso ta gane ni ne sai fuskarta ta faɗi, ta ce, "Au, kai ne." Ban san ko akwai kalmomin da suka fi waɗannan nauyi ba. A masallaci ana yi masa addu'a da suna. Ni kuwa na kwaso Sanatu da 'ya'yanta na haɗa da iyalina, tukunya ɗaya, tsawon shekaru. Ni na kai babban yaron makaranta, ni na yi jinyar ƙaramar lokacin ƙyanda. Aikin nan na kotu da ake zunɗe na a kansa, shi ya ciyar da gidan gwarzon gari. Ban taɓa jin an ambaci wannan a wajen taron tunawa ba, ni ma ban taɓa tashi na faɗa ba, don wanda ya yabi kansa ya rage wa kansa. Yau dai na faɗa.

Mma ba ta ga dawowarsa ba. Ciwo ya kwantar da ita a damina ta uku da kama shi, idonta ya raunana. Ranar da za ta cika, bayan la'asar, ina zaune ina yi mata fifita, ta laluba ta kama hannuna ta shafa fuskata. Ta ce, "Fuseini, ka dawo?" Sanatu da ke bakin ƙofa ta toshe baki. Na ce, "Na dawo, Mma." Sai ta shiga sa albarka, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba: Allah ya ɗaukaka ka, ka wanke mini fuska, na yafe maka duniya da lahira. Na sunkuyar da kai ina amsawa da amin. Na jira ko za ta tambayi Alasan. Ba ta tambaya ba. Wataƙila don ta san Alasan kullum yana nan, ba a cigiyar abin da bai ɓata ba. Haka nake gaya wa kaina. Ban yi nadamar amsawar da na yi ba ko kaɗan, ta tafi da murmushi. Amma ku auna ku gani: albarka mafi daɗi da na taɓa karɓa daga uwata, da sunan wani na karɓe ta.

Da sojoji suka kifar da gwamnati aka buɗe kurkuku. Fuseini ya sauka a tashar mota ya rame kamar kara, haƙoransa na gefe sun zube, yana tari mai kama ƙirji. A karon farko a rayuwarmu ba mai iya rikita mu. Gari ya fito da kaɗe-kaɗe, aka ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar gida. Da ya miƙa hannu ga 'yarsa Amina, wadda ya bari a goye, sai ta tsala ihu ta ruga ta ɓuya a bayana tana cewa Baba. Ba zan ɓoye ba, wani abu ya yi mini sanyi a rai a lokacin. Amma bai daɗe ba. Kafin wata ya ƙare tana kan cinyarsa yana koya mata taken ƙasa, ni na koma Baba Alasan.

Mun yi gardama mai yawa kan Joji, ni da shi, a zauren gidanmu. Fuseini ya ce matsoraci ne. Ya ce haƙƙin da kotu ba za ta iya ƙwato maka ba laya ce da aka ɗinke ba rubutu a ciki, ka rataya kana taƙama, ranar da aka kawo sara ka gane fata ce kawai. Ya ce alƙalin da ya ga zalunci ƙiri-ƙiri ya ce hannunsa a ɗaure yake, to da igiyar a wuyansa take da ya nemi wuƙa. Ni kuma na ce na shekara da shekaru ina kallon alƙalai, kuma wanda na fi tsoro shi ne wanda ke ganin ikonsa ba shi da iyaka. Alƙalin da zai tsallake doka don ya cece ka yau, gobe wani zai tsallake ta don ya hallaka ka, kuma ba ka da bakin magana. Na ce laifin na waɗanda suka rubuta dokar ne da mu da muka yi ta tafa musu. Na tuna masa cewa Jojin nan ne ya tilasta aka furta yana raye, kuma mutumin da aka faɗi sunansa a gaban jama'a ya fi wuyar ɓatarwa. Ya ce, "Wannan kam na ba shi." Iyakar abin da na taɓa ci a gardama da shi ke nan.

Sabbin masu mulki su ma suka fara kame, suka ce don kare lafiyar waɗanda aka kama ne. Cikin waɗanda aka kwashe har da Isahaku. Ni kam na ji daɗi, na ce ramin mugunta ya rufta da mai shi. Na ɗauka wannan ne ɗan rabon da zan samu a cikin labarin nan gaba ɗaya, in zauna da ɗan'uwana mu yi dariyar maƙiyinmu tare. Wata safiya ina zaune a kotu sai ga Fuseini ya shigo da sandarsa, a bayansa matar Isahaku da lauya. Shi ya nemo lauyan, shi ya rako ta. Roƙonsu ɗaya da na Mma: a kawo mutumin, a faɗi laifinsa, ko a sake shi. Joji ya dube shi ya daɗe. Hukuncin bai sauya ba, sai sunan dokar. Wannan karon umarnin soja ne ya ɗaure masa hannu. Na juya na fassara wa matar Isahaku kusan kalmomin da na fassara wa uwata. A waje na tare Fuseini na ce, "Mutumin da ya hana ka binne Mma?" Ya ce, "Ni ban je kurkuku don a sauya wanda ake zalunta ba." Ya wuce yana tari. Na tsaya a barandar kotu ina jin kamar in fashe. Wahalarsa ban iya ta ba, na haƙura. Ashe ko yafiyarsa ma ta fi ƙarfina.

Tarin nan bai sake shi ba. Ya koma aji na ɗan lokaci, sannan ya kwanta. Wata rana da hantsi na kai masa koko, muna zaune a inuwar darbejiya, na ba shi labarin rasuwar Mma dalla-dalla, har da sunan da ta kira ni da shi. Na ce albarkar taka ce, ga ta na kawo maka. Da ya buɗe baki sai na ji muryar da ban san shi da ita ba, mai ɗaci. Ya ce, "Hannun wa ta riƙe?" Na ce nawa. Ya ce, "Wa ya sa ta a kabari? Wa ya ga ranar da Amina ta fara tafiya? Ina can ina ƙirga sandunan taga, ba abin da nake tunani sai kai, kana zaune a tsakar gida kana cin tuwon zafi da 'ya'yana. Ka san sau nawa na ce da ma ni ne Alasan?" Na dube shi na ga da gaske yake, idonsa ya kaɗa. Kishi ne, irin nawa sak, na san kamanninsa. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, shi ma ya kama, muka yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Bai ƙara damina biyu ba bayan wannan.

Yau abubuwa sun sauya, kuma da yana nan da ya fi ni sanin inda suka sauya da inda aka yi musu fenti kawai. Tsarin mulkin da muke da shi yanzu ya rubuta haƙƙoƙin mutum ya kuma ba kotu ikon ƙwato su. Wanda aka kama dole a kai shi gaban alƙali cikin kwana biyu. Matasa na zagin shugaban ƙasa a gidajen rediyo da safe, su kwana a gidajensu. 'Yar Amina lauya ce a garin nan, kuma na taɓa zuwa na zauna a benci na baya na ga alƙali ya umarci a saki wani manomi da aka tsare ba dalili, aka kuwa sake shi nan take. Na yi ta kallon tafintan da ya gaya wa uwar manomin, wani yaro matashi, yana faɗa yana hamma. Bai san abin da Allah ya ba shi ba. Shi ma na yi kishinsa. Amma ina jin Fuseini ba zai zauna yana tafi ba. Zai tambayi talakan da ba shi da lauya kwana nawa yake yi a tsare. Zai shiga maganar yaran da ake tilasta wa ibadar da ba tasu ba a wasu makarantu, Musulmi ne ko Kirista, kuma zai ɓata wa kowane ɓangare rai. Ni kuma zan ce masa ya bi a hankali, in kuma ja masa kunne kan masu son alƙalai su zama sarakuna, su yanke abin da ya kamata jama'a su yanke da ƙuri'arsu. Ba zai saurare ni ba. Gardamar tamu ba ta ƙare ba, mai amsa mini ne babu.

Me ya rage na Fuseini? Makarantarsa an rushe an gina wata. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne wasu tsofaffi a garin nan, direbobi da 'yan kasuwa da limamai, da suka koya tun suna yara cewa mutum zai iya ƙamewa don tutar ƙasarsa da zuciya ɗaya, ya kuma ce a'a da wannan zuciyar, ba tare da ɗaya ta ci ɗaya ba. Ƙasa tana bukatar irinsa, ko da ɗaya ne a zamani. Tana kuma bukatar irina da yawa, masu riƙe gida kafin irinsa su dawo, sai dai mu ba a yi mana waƙa. Na daina jiran a yi. Abu guda na roƙi 'ya'yana da nasa: in tawa ta zo, in akwai fili kusa da shi a maƙabarta, su sa ni nan. Masu zuwa yi masa addu'a ba sa yankewa, kuma ruwan da aka zuba wa shuka ba ya tambayar ciyawar da ke gefe sunanta. Allah ya jiƙan Fuseini, ya jiƙan Mma, ya haɗa mu a inda za ta gane kowannenmu.